Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin 'yan Arewa a Kumasi: kafin a sa tubalin gidan marayu

Iyayenmu fastoci, dattawa, da iyayenmu mata shugabannin zumunta,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da garken da Allah ya danƙa a hannunku.

Ni 'yarku ce, ɗinki ne sana'ata, kuma ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Na san ba tarbiyyarmu ba ce ƙarami ya tari numfashin babba, don haka ku gafarce ni. Na rubuta a fili ne saboda maganar ba ta ikilisiya ɗaya ba ce. Ta shafi duk masu sujada da Hausa ko Kusal ko Farafara ko Dagare, daga Aboabo da Asawase har Moshi Zango, Ayigya da Suame. Kuma kun san yadda taronmu yake: mata na baya, kafin a zo kanmu an ce lokaci ya ƙure, wani ya rufe mana da addu'a.

Maganar gina gidan marayu na haɗin gwiwa ta yi nisa. An ce a nemi fili a bayan gari, a ware kaso daga baikon bikin girbi, a rubuta wa 'yan'uwa da ke Amurka da Jamus su kawo gudummawa. Ba na shakkar niyyar kowa a cikinku. Roƙona dai a dakata, a ɗauki wannan kuɗi da wannan himma a sa su wajen riƙe yaran a cikin gidaje, gun uwa ko kaka ko gwaggo, ko gun iyalin da aka tantance.

A fara da tambaya mai sauƙi: su wane ne yaran da za mu zuba a gidan? Kowane fasto ya zauna ya lissafa marayun ikilisiyarsa da sunayensu. Zai tarar galibinsu uba ne ya rasu, a haɗarin mota a hanyar Techiman, ko a ramin galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ko ciwo ya ci shi a asibitin Komfo Anokye, uwar kuwa tana nan da ranta tana soya ƙosai. Waɗanda suka rasa duka biyun, za a samu kaka a Garu ko kawu a Suame. Abin da ya raba su da gida talauci ne. Sashen Jin Daɗin Jama'a na gwamnati ya gano haka tuntuni. A binciken da ya fitar a 2009, gidajen marayu 148 aka ƙirga a faɗin Gana, 140 daga ciki ba su da lasisi, kuma mafi yawan yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Idan ka gina gidan da ake cin abinci sau uku, ga makaranta kyauta, ga katifa, matar da ta rasa kuɗin haya za ta kawo maka 'ya'yanta da hannunta, ta ce ba su da kowa, ta koma ɗaki ta yi kuka. Ba za mu ga laifinta ba. Mu ne muka ɗora farantin a inda sai ta rabu da ɗanta kafin ya kai hannu.

Gidan ma ba tabbacin tsaro ba ne. A 2010 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya shiga gidan yara na Osu a Ankara a ɓoye, ya ɗauko abin da ya girgiza ƙasar nan: duka, sakaci, da kayan da masu alheri suka kawo suna bin wata hanya. Gidan gwamnati ke nan, mai ma'aikata da albashi. Mu da wani lokaci albashin katikis ke gagararmu, da me za mu biya masu reno dare da rana, shekara da shekaru, bayan murnar yanke kintinkiri ta wuce, 'yan'uwan ƙetare sun juya ga wani aiki?

Ku tuna kuma da abin da kowa ke gani in mun kai ziyarar Kirsimeti. Mukan jera buhunan shinkafa da galan na mai da katan na Milo da biskit, a tsayar da yara a gaba su yi waƙa da Turanci da Tonanci, harshen Asante, a ɗau hoto a sa a Facebook. Kafin ka sauka daga mota, ƙaramin yaro ya riga ya riƙe maka zani, yana so ka ɗauke shi, bai taɓa ganinka ba. Mukan ce kai, yaran nan akwai son mutane. Ɗan da ke da uwa ba ya haka; in ya ga baƙo, bayan uwarsa yake laɓewa yana leƙe. Wanda ke manne wa kowa, nasa yake nema bai samu ba, kuma da la'asar za mu ɓamɓare yatsunsa daga zanenmu mu shiga mota. Masana sun bi wannan a Romaniya, inda faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 ta tona halin gidajen marayun ƙasar. A binciken da aka fara a Bukares a 2000, yaran da aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a gidajen kaifin fahimta da iya sabo da mutum. Ruwanda ta soma rufe nata gidajen tun 2012. Gwamnatinmu ma tun wajen 2007 ta ɗauki hanyar rage su da mayar da yara cikin dangi.

Ga namu 'ya'yan kuma akwai wata asara. Yaron da ya tashi a gidan marayu a bayan Kumasi zai fito yana ɗan shekara 18 ba ya jin Kusal, ba ya jin Hausa, bai san hanyar garin ubansa ba, bai san gonar da take tasa ba. Ran da zai yi aure, wa zai shige masa gaba ya kai gaisuwa, wa zai tsaya kan maganar shanun sadaki? In yarinya ce, a hannun wa za a nemi aurenta? A wajenmu mutum da danginsa ake ganinsa, kun fi ni sani.

Iyayena, ku ne malamai, ni a bakinku na ji Maganar Allah. Amma ku bar ni in maimaita muku abin da kuka koya mana game da fansa, domin a nan ne zuciyar maganar take.

A Littafin Firistoci sura 25, in mutum ya talauce har ya sayar da gonarsa ko kansa, ɗan'uwansa na kusa ne zai zo ya biya ya fanshe shi, ya dawo da shi cikin dangi da gādonsa. Littafin Rut ya nuna mana yadda ake yi a aikace. Na'omi ta dawo Baitalami daga Mowab ba miji ba 'ya'ya, sai surukarta Rut, baƙuwa, gwauruwa ita ma. Bo'aza, dangin mijinta Elimelek, ya zauna a ƙofar gari, ya kira dattawa goma, ya kira wanda ya fi shi kusanci ya ce ga gonar Elimelek, za ka fansa? Mutumin ya ce zai fansa. Da aka ce masa gonar da gwauruwa take tafe, sai ya tuɓe takalmi ya ce ba zai iya ba, kada ya ɓata nasa gādon. Mun san wannan mutumin. Yana zuwa kowace jana'iza a Kumasi. Shi ne ke fara tambayar ina takardun fili, ina makullin mota, shi ne kuma ke fara ɓacewa in an zo maganar kuɗin makaranta. Bo'aza ya ɗauki gonar da mutanen da ke kanta, aka haifi Obida aka sa shi a cinyar Na'omi, ta wannan zuriya Dawuda ya fito, ta nan Mai Cetonmu ya zo.

Haka Bulus ya faɗa wa Galatiyawa a sura 4: Allah ya aiko Ɗansa ya fanshi waɗanda ke ƙarƙashin Shari'a domin mu sami matsayin 'ya'ya, har mu kira shi Uba. Da jininsa ya biya, bai kuma ajiye mu a wani gini a bayan gari yana aiko mana da shinkafa duk Disamba ba. Teburinsa ya zaunar da mu. Zabura 68 ta kira Allah uban marayu, aya ta gaba ta ce yana ba wanda ba shi da kowa gida ya zauna cikin iyali. Yesu ma yana kan gicciye, cikin azabar da ba ta misaltuwa, ya tsaya ya sama wa uwarsa ɗa daga cikin almajiransa, almajirin kuwa ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a. Yakubu 1:27, ayar da muke bugawa a rigunan zumunta, cewa ta yi a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Tare ta ambace su, domin galibi ɗaki ɗaya suke kwana.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na 2 Sarakuna sura 4. Mijin wata mata ma'aikacin Allah ne, ya mutu ya bar bashi, mai bin bashi yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha bai ce ta kawo masa yaran ya riƙe ba. Tambayarta ya yi me take da shi a gida. Ta ce ɗan mai a tulu. Ya ce ta aro tuluna gun maƙwabta, ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta ta yi ta zubawa, sannan ta sayar ta biya bashin, su ci saura. An biya bashi, ta sami jari, maƙwabta sun sa hannu, an rufa mata asiri a bayan ƙofa, yaran kuma suna gabanta. Ban san wani tsarin kula da marayu da ya fi wannan ba.

To me ke kwashe yara daga hannun gwauraye a garin nan? Na farko haya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema. Akwai wata 'yar'uwa da ke sayar da koko a bakin layinmu. Tun kafin asuba take tashi ta tace ƙullu, 'yarta babba ta wanke kofuna kafin ta sa rigar makaranta, ƙaramin yana barci a kan benci lulluɓe da zanen uwarsa. Cinikinta na ci da su, ba ta taɓa roƙon kowa ba. Da wa'adin ɗaki ya cika aka ce ta kawo na shekara biyu a dunƙule, sai ga gidan ya watse cikin sati: babbar an kai ta aikatau Bantama, na tsakiya an tura shi Arewa gun kaka, ita da ƙaramin suna raɓe a ɗakin wata. Kuɗin da zai hana wannan bai kai abin da muke kashewa a rumfuna da kujeru da masu kiɗa a jana'iza ɗaya ba.

Tunda na taɓo jana'iza, bari in ƙarasa. Mun zauna da Tonawa mun ɗauki wasu al'adunsu, muka haɗa da namu, nauyin ya zama biyu. Gawa ta yi makonni a firji ana biya, a yi taron sati, a buga fosta, a ɗinka anko baƙi da ja, sannan a ɗauki hayar mota a kai ta Bawku ko Bolga ko Nandom. A ɗinkin ankon nan nake samun abinci, amma gaskiya ɗaya ce. Gudummawar da aka tara a kan tebur ana kiran suna da lasifika, in an tashi sai a ce duk ta tafi a hidima, har da saura bashi. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Ikilisiya na da ikon cewa duk jana'izar ɗan'uwan da ya bar ƙananan yara, kaso kaza na abin da aka tara na yaran ne, a rubuta, a ajiye da sa hannun uwar da dattijo ɗaya. Haka kuma fasto ya san Dokar Gādo ta 1985, wadda ake kira PNDC 111: in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, kayan ɗaki na matarsa da 'ya'yansa ne, in gida ɗaya ya bari nasu ne, kuma laifi ne a kore su daga ciki kafin a raba gādo. Sau da yawa dattijo ɗaya da ya san wannan, ya zauna a taron dangi ya faɗa cikin ladabi, ya isa.

Sauran buƙatun ƙanana ne, bibiya kawai suke so. Sakandare kyauta ce tun Satumba 2017, amma yaron da ya ci jarrabawar BECE ta shiga babbar sakandare sai ya sami akwatin ƙarfe da na abinci, katifa, bokiti da kuɗin mota, a nan ake barin marayu a baya. Wanda zai koyi sana'a a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, ko gun tela, sai an biya kuɗin shiga, ita yarinya a saya mata keken ɗinki. Katin inshorar lafiya ana sabunta shi ta waya da *929#, amma kaka da ba ta karatu wa zai yi mata? Takardar haihuwa kyauta ce kafin jariri ya cika shekara. Shirin LEAP na gwamnati, na tallafa wa matalauta, da aka fara a 2008 yana ba gidajen da ke riƙe da marayu ɗan tallafi duk wata biyu. Ba yawa, amma haƙƙinsu ne, kuma akwai matasanmu masu ilimi da za su iya raka tsohuwa ofishin jin daɗin jama'a su tambaya.

Kada a ce na ɗauki riƙo na mai da shi aljanna. Mun san 'yar riƙon da ke tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, 'ya'yan gida na makaranta ita tana yawo da ruwan leda a kasuwar Kejetia. Mun san agolan da mijin uwa ba ya son ganinsa a bakin kwano. Mun san wanda "kawu" ya ce zai sa shi makaranta, aka ji labarinsa a Yeji yana nutso yana warware koma a tafkin Volta. Wasu masu yin haka suna zama a layin gaba ran Lahadi. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma in an ga tabon bulala sai kowa ya ce ba ruwansa da gidan wani. Shi ya sa ba da kuɗi kaɗai bai wadatar ba. Zumunta a ƙafa take: kowane yaro a sa masa mace ɗaya daga zumunta da za ta riƙa leƙa gidan ba tare da sanarwa ba, ta duba littafinsa, ta ga inda yake kwana, ta yi hira da shi su biyu. In ta ga abin da ya fi ƙarfin nasiha, musamman taɓa yarinya, a kai sashen DOVVSU na 'yan sanda, mai kula da cin zarafi a cikin gida, ko wane ne, ko da mai ba da zakka mafi tsoka ne. Rufe irin wannan da sunan kare mutuncin ikilisiya zunubi ne a kan zunubi. Dokar Yara ta 1998 ta hana sa ɗan ƙasa da shekara 15 aiki, ta sa dakon kaya masu nauyi cikin ayyukan da sai mai 18, ta kuma hana aurar da wanda bai kai 18 ba. Ya kamata a ji wannan daga bagadi, ba daga rediyo kaɗai ba.

Akwai wata magana mai ƙaiƙayi, amma a zango muke zaune. Wasu daga yaran da za su buƙaci taimakonmu 'ya'yan Musulmi ne, ko uba Musulmi uwa Kirista. Maƙwabtanmu ba baƙin wannan aiki ba ne. Annabinsu maraya ya tashi, kuma gidaje da yawa a Aboabo na riƙe da 'ya'yan da ba su haifa ba. In aka ji Kiristoci sun gina gida suna tara yaran zango, kun san fassarar da za a yi, kuma in har muka sa abinci ya zama ƙugiya, fassarar ba za ta zama ƙarya ba. Kyauta aka fanshe mu, kada mu sa wa maraya farashi. A taimaki yaro a gidan danginsa, da sanin mai unguwa da liman, ya ci gaba da zuwa makarantarsa ta allo. Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya shiga majami'ar Katolika ta Christ the King a Ankara ran Ista ta 2019, yana cika shekara 100. Zaman lafiyar da ya sa hakan ya yiwu ba abin wasa ba ne, kada mu tsaga bango da hannunmu.

Na yarda akwai yaran da ba su da inda za a mai da su yau: jaririn da aka tsinta, mai naƙasar da dangi suka guje shi, 'ya'yan 'yan matan da ke dako a Kejetia da Adum suna kwana a barandar shaguna. Domin irinsu akwai gidan yara na gwamnati a nan Kumasi da wasu masu lasisi. A taimaka musu, ba tare da kyamara ba. Amma ko su, abin da doka ke nema shi ne a sama musu iyali. Tun 2018 akwai ƙa'idojin riƙon yara a hukumance: wanda ya haura shekara 21, mai mutunci, zai iya zuwa Sashen Jin Daɗin Jama'a a bincike shi, a horar da shi, a ba shi yaro. Gidaje nawa ne a cikinmu 'ya'ya sun girma sun tafi, ɗaki na nan a rufe? Da kowace ikilisiya za ta fitar da iyali biyu kawai, da mun wuce abin da ginin zai ɗauka. Kuma, Baba Fasto, in aka fara daga gidajen shugabanni, sauran za su biyo.

A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai amintattu, irin su Istifanas, aka danƙa musu aikin. Gwaurayenmu ma baƙi ne a garin nan, da yawa ba sa jin Tonanci sosai balle Turancin ofis, su ne ake tsallakewa. Ina roƙo a taron haɗin gwiwa mai zuwa, kafin a karanta rahoton kwamitin fili, a ba zumuntar mata dama ta yi magana a farko, a gayyaci jami'in jin daɗin jama'a ya zo ya yi bayani a yi masa tambayoyi, sannan a zaɓi amintattu, maza da mata, da za su riƙe asusun, su kawo lissafi a rubuce duk wata uku. Sunayen yaran da halin da kowane gida ke ciki, mu za mu tattaro mu miƙa wa waɗanda aka zaɓa a rufe cikin ambulan. Ba za a karanta su a gaban jama'a ba, ba kuma za a tsayar da wani yaro a gaban bagadi don a motsa masu baiko ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da hikima.

'Yarku cikin Almasihu,
wata malamar makarantar Lahadi, Asawase, Kumasi